Yadda Na Zama Kakar Saurayina

Masu karatu, ku gyara zama, don abin da zan ba ku yau, ni kaina da ya faru a kaina in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko tagumi. Ga wanda yau ya fara leƙo mu, sunana Ni'ima, haifaffiyar unguwar Adjamé Saint-Michel a Abidjan, 'yar Alhaji Ibrahimu mai shigo da shadda. Iyayena Kanawa ne, ni kuwa sau ɗaya na taɓa zuwa Kano, kuma har na dawo 'yan uwa ba su daina kwaikwayon Hausata ba. Saurayina Badaruddeen, ɗan Belleville a Treichville, mai shagon wayoyin hannu, dogo, baƙi, mai wushirya, wanda ko gaisuwar mutuwa ya je sai an riƙa harararsa don kada ya ba mutane dariya.

A shekarar 2008, cikin makon da za a sa ranar aurenmu, na wayi gari na zama kakarsa. Gwaggona ce ta yanke hukuncin, a gidanmu kuwa in Gwaggo Tsahara ta yi magana, sai dai kowa ya nemi wurin ajiye tasa.

Bari in koma baya kaɗan.

Mahaifiyar Badar, Hajiya Ladidi, ciwon daji ne ya kama ta a mama. Kusan shekara ana fama. An yi aiki, an yi ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, matar da a da in ta shigo biki sai an matsa mata wuri ta koma zani yana zagaye ta yana rara. Bakinta ne kawai ciwon bai taɓa ba. Ranar da Badar ya fara kai ni gaishe ta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ce? To ka yi ƙoƙari. Ni na ɗauka mai irin kanka za ka kwaso mini." Tun ranar matar ta kwanta mini a rai.

Likitocinta suka ce akwai wani sabon magani da ake gwajinsa, in ta yarda za a sa ta cikin waɗanda za a gwada wa. Ba su yi mata alkawarin komai ba, ita ma ba ta nema ba. Abu ɗaya ta roƙa, kuma mu ta roƙa: ranar Talata za ta kwanta asibiti, tana son kafin nan, ranar Lahadi, baffannin Badar su zo gidanmu a sa rana, su koma su faɗa mata watan ta ji da kunnenta. Abba ya amince. Umma ta aika aron manyan tukwane.

Da safiyar Litinin, saura kwana shida Lahadin, ina gugar mayafi, 'yar Nokiata ta yi ƙara a kan gado. Saƙon Badar ne.

"On dit quoi, ma go? Ya ake ciki, 'yan matana? Likitocin Hajiya na neman jinin mata masu lafiya, wai za su kwatanta da na marasa lafiya a binciken. Duk ƙawayenta masu zuwa da kunu suna kuka sun ɓace. Na ce a ɗebi nawa, an ce gemu ya hana."

Na rubuta masa, "Ni fa?"

"Ke da kika gudu daga layin rigakafi kika bar takalmi ɗaya?"

Ni na ba shi labarin nan da bakina, shi ya sa nake gaya muku ba komai ake faɗa wa saurayi ba. Gaskiya ne, ina tsoron allura fiye da yadda nake tsoron ɓera. Amma na san dalilin gudun matan. A unguwanninmu in aka ce jini, kowa da abin da ya ji: wata ta ce sayarwa ake yi, wata ta ce wanda aka ɗiba ba ya dawowa, wata ta ce maigida ne bai yarda ba, alhali maigidan ko labari bai ji ba.

Na ciro atamfata ruwan ganye, riga da siket, wadda telan unguwar 220 Logements ya yi wa hannu mai tattara, na yafa mayafi ruwan madara, na ce wa Umma zan je gaishe da Hajiya. Ban yi ƙarya ba, na dai rage. Na shiga woro-woro, motar hayar nan da ake cusa mu kamar sardin, muka tsallaka gada zuwa Treichville.

Nas ɗin da ta karɓe ni, Tanti Awa, 'yar Jula ce, gajera mai faɗin hannu. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani a tsanake: 'yan kwalabe ne ƙanana za ta cika, ba jikin kowa jinin zai shiga ba, dubawa za a yi a gane abin da ya bambanta mai ciwo da mai lafiya, ko a dace maganin ya fi kama hanya. Ta ce 'yan Hausa da suka zo ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba.

"Kin ci abinci?"

"Na ci aloko, soyayyiyar ayaba."

"To miƙo hannun. Wancan. Wannan kin ɓoye shi a bayanki."

Ta ɗaure mini dantse da roba, na runtse ido, na fara karanto duk addu'ar da na taɓa haddacewa a Islamiyya. Na yi ta tsoro, na yi ta ciwo, da suka ƙare na shiga ta hawa mota.

"Ma fille," in ji Tanti Awa, "an gama tun ɗazu. Sakar mini riga."

Ta manna mini auduga da filasta, ta ba ni burodi da zoɓo mai sanyi. Ina fitowa na tarar da Badar jingine da bango, ya haɗe hannuwa yana mini kallon tausayi na ƙarya.

"Yako, sannu jaruma. Takalman duka biyu suna nan?"

Muka wuce Belleville. Hajiya tana kwance a falo kan katifa, fanka na kaɗa mata, ta ɗaura ɗankwali har goshi. Badar ya faɗa mata. Ta ce in matso. Ta kamo hannuna ta juya shi, ta daɗe tana kallon filastar.

"'Yar wannan audugar ce duk abin da suke gudu?"

"Ita ce, Hajiya."

Ta juya fuskarta bango, amma hannun nawa ba ta sake shi ba sai da aka kira la'asar.

Inda na yi sake shi ne ban roƙe ta ta bar maganar a ɗaki ba. Ranar Laraba aka yi suna a gidan da ke jikin nasu, mata suka riƙa shigowa duba ta rukuni-rukuni, ita kuwa duk wadda ta zauna sai ta samu rabonta: "Ku da kuka gudu, ga yarinya ta tsallako gada ta ba da jininta saboda ni." Cikin masu zaman har da Gwaggo Tsahara, yayar Abba, wadda ta goya shi, ta yi masa aure, kuma har yau take kiransa da sunansa gatsal a gaban yaran shagonsa.

Ina tsintar shinkafa a falo, Umma na yankan albasa, sai ga Gwaggo ta shigo da kwalliyar sunan a jikinta, leshi ruwan hoda da ɗaurin da ya kusa taɓa saman ƙofa. Ko gaisuwa ba ta amsa ba.

"Ina Ibrahimu? A kira shi. Ke kuma taho nan."

Ta ture mini hannun riga, ta ga tabon allurar, ta saki salati mai tsawo. Abba ya fito daga ɗaki da carbi a hannu.

"Yaya, lafiya?"

"Zauna. Ni'ima, zan tambaye ki, ki ba ni amsa da Hausa. Nonon da mace ke shayar da yaro, daga ina yake samuwa?"

"Daga jiki, Gwaggo."

"Daga jini. Kowace mace da ta haihu ta san wannan. To yaro in ya sha nonon wata, ya zama ɗanta ko bai zama ba?"

Abba ya ce, "Ya zama."

"Aure ya haramta tsakaninsa da 'ya'yanta. To wannan fa nono ne, jinin da ya riga ya sirka. Ina ga wanda aka ɗura wa jinin kansa, tsagwaronsa? Ladidi ta sha jinin yarinyar nan. Ni'ima ta zama uwar Ladidi. Uwar Ladidi kuwa, mece ce a wurin Badaru?"

Can Umma, da wuƙa a hannu da hawayen albasa a ido, ta ce a hankali, "Kaka."

"To kun ji. Ranar Lahadi za ku tara maza ku sa ranar auren yaro da kakarsa."

Masu karatu, na so in yi dariya, sai na dubi fuskar Abba dariyar ta koma ciki. Abbana mutum ne da in ya yi shakka a alwala sai ya sake wanka. Na durƙusa na fara bayani, Hausar ta riƙa zille mini kamar yadda take yi in raina ya tashi.

"Abba, wallahi ba a sa mata ba. Recherche ce, bincike, a labo ake ajiyewa, c'est pour comparer..."

"Kada ki yi mana Faransanci a maganar halal da haram," in ji Gwaggo. "Wa ya taɓa ɗibar jinin mutum don ya ajiye yana kallo? Da kunnena na ji Ladidi ta ce saboda ita aka bayar. Narka shi za su yi a maganin, su rataya mata."

Abba ya ɗauki waya ya nemi Malam Abdulbaqi, malaminsa tun zuwansa Abidjan. Matar Malam ta ce ya tafi Umra, sai ƙarshen wata, layinsa kuma ba ya shiga. Umma ta ce ai ga limamin masallacin unguwa, ga malaman Islamiyya. Abba ya girgiza kai.

"Wanda ya raɗa mata suna, shi zai yi magana a aurenta. In har zuwa Asabar abin bai warware ba, zan aika Belleville a ɗaga sai Malam ya dawo."

Ƙarshen wata. Hajiya kuwa Talata.

Na shige ɗaki na faɗa kan gado, na rubuta wa Badar komai, saƙo ya kasu kashi-kashi. Shiru, har na ɗauka kuɗin wayarsa ne ya ƙare. Sai ga amsa.

"Barka da yamma, Kaka. Jikanki na gaisuwa. A ajiye mini ƙanzo."

"Badar, ba wasa nake ba."

"Ni ma. Ai dama a Hausa kaka matar jika ce, tun ina yaro kakata maigida take ce mini. Ban ga abin da ya canja ba."

Na yi dariya har da hawaye, na kuma ji haushin kaina da na yi. Na rubuta, "Kada Hajiya ta ji."

Wannan karon ya jima. "Ban faɗa mata ba. Yau ta sa tela ya rage mata leshinta. Ta ce ko a kan katifa ne sai ta yi kwalliya ta jira baffanni su dawo daga gidanku."

Washegari da hantsi Gwaggo ta dawo, cikin shadda mai maiƙo, da jaka a hammata da 'yar kular kunu a hannu. Na ɗauka wani abu ta kawo wa Umma. Kular babu komai a ciki.

"Sa mayafinki. Za mu je a ba mu jininmu."

Haka muka tsallaka gada, ni a takure jikin ƙofa, Gwaggo ta rungume kula a cinya tana yi wa direba faɗan gudu. Ina ta addu'ar Allah ya sa Tanti Awa ba ta aiki ranar. Tana nan. Gwaggo ta shekara talatin tana ciniki a kasuwar Adjamé, Julancinta ya fi Hausata, don haka ba ta nemi tafinta ba. Ta dire kular a kan tebur ta ce abin da ya kawo ta.

Tanti Awa ta dubi kular, ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina nazarin takalmina.

"Mama, jinin ba ya shiga jikin kowa. Yana cikin sanyi."

"Nuna mini shi."

"Ba a shiga wurin. Kuma babu suna a jikin kwalaben, lamba ce."

"Babu suna," in ji Gwaggo, ta juyo gare ni. "Ubanki ya yanka rago an raɗa miki suna, su sun cire. To in babu suna, ta yaya kika san inda ya tafi?"

Tanti Awa ba ta yi fushi ba, da alama ta saba. Ta juya Faransanci ta yi magana da ni kai tsaye. Ta ce haƙƙina ne in fita daga binciken duk lokacin da na so. In na ce na fita, likita zai bi lambar ya fito da kwalaben, a lalata su, Gwaggo ma tana iya tsayawa ta gani. Sai dai abin da aka fito da shi daga sanyin ba ya komawa, kuma wadda ta fita ba a sake karɓarta.

Na fassara wa Gwaggo, don na san ko ban fassara ba ta tsinci rabi. Fuskarta ta washe.

"Madalla. In na gan shi da idona cif a kwalba bai shiga Ladidi ba, aka zubar a gabana, magana ta mutu. Ni da kaina zan ce wa Ibrahimu a dafa shinkafar Lahadi. Faɗa mata."

Kada in yi muku ƙarya in ce ban yi sha'awa ba. Kalma ɗaya ce, in faɗe ta mu koma gida, Lahadi ta tabbata, Hajiya ta sa leshinta. Ita ba sai ta sani ba. Har na buɗe baki. Sai na tuna yadda ta juya fuska bango tana riƙe da hannuna, da yadda ta zauna tana gaya wa matan Belleville ɗaya bayan ɗaya cewa an samu wadda ba ta gudu ba. In na ce a zubar, na gudu ke nan, sai dai ni na fi su iya sanɗa.

"A bar shi, Tanti."

Gwaggo ta ce, "Me kika ce?"

"Na ce a bar shi, Gwaggo. Ki yi haƙuri. Na riga na bayar."

Ta daɗe tana kallona. Ta ɗauki kularta ta rufe murfin da ƙarfi, kamar akwai abin da zai zube.

"Kin zaɓi kwalba a kan miji. Allah ya ba da sa'a."

Har muka iso Adjamé ba ta ƙara ce mini uffan ba, direban ma ya samu lafiya. Da na kira Badar na faɗa masa, babu wasa a muryarsa.

"Ni'ima, kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani."

Ina jin hayaniyar masu sayen caja a shagonsa. "To. Allah ya bar mini ke."

Juma'a ta wuce, layin Malam bai shiga ba. Umma ta daina maganar tukwane, amma na lura ba ta mayar da su ba.

Asabar bayan la'asar Abba ya sa babbar riga, ya ɗauko hula, zai je Belleville da kansa don ya ce maganar ta fi ƙarfin aike. Gwaggo tana zaune a kujerar tsakiya tana jan carbi, ta zo ta tabbatar an tafi. Ni ina bakin ƙofar kicin, idanuna sun kumbura. Sai aka yi sallama, Baba Mijinyawa ya shigo, mijin Gwaggo, da ƙaramin huhun goro a kafaɗa. Falken goro ne, tun farkon mako yana ƙauyuka wajen saye. Ɗan siririn dattijo ne mai sanyin magana, wanda in suna tare da Gwaggo sai ka manta yana wurin.

"Ga goron gobe, Ibrahimu. Na zaɓo fari, manya."

"Mayar da shi mota, Alhaji," in ji Gwaggo. "An ɗaga."

Ya sauke huhun a hankali, ya zauna, ya tambayi dalili. Gwaggo ta gyara zama ta maimaita karatun nata tun daga nono har zuwa kaka, wannan karon har da ƙarin bayani, don ta samu kwanaki tana gyara shi. Baba Mijinyawa ya ciro goro ɗaya daga aljihu, ya ɓare, yana saurare yana gyaɗa kai.

"Wato duk wanda aka ƙara wa jinin wani, ya zama ɗansa."

"Ƙwarai."

"Ko da namiji ne ya bayar?"

"Jini ai jini ne, Alhaji."

Ya tauna goronsa. "Tsahara, ranar da kika haifi Fatihu, da jini ya ɓalle miki har kika daina gane mutane, ledar nan da aka rataya miki, daga ina kike tsammanin ta fito?"

"Ta asibiti ce mana."

"Ba su da irin naki ranar. Suka ce a nemo dangi. Ibrahimu yana Kano lokacin. Aka gwada nawa, ya dace." Ya dubi sauran goron da ke hannunsa. "Ban taɓa faɗa ba don ban ɗauke shi abin faɗa ba. Ashe shekara ashirin da wani abu ina zaune da 'yata ban sani ba."

Carbin Gwaggo ya tsaya cak. Umma ta wuce ni da sauri ta shige kicin, na ji murafen tukwane suna ta faɗuwa ba dalili.

"Wannan daban ne," in ji Gwaggo.

"Ta ina?"

"Ni lalura ce ta same ni."

"Ladidi fa? Shaƙatawa take zuwa yi asibitin?"

Gwaggo ta juya ga Abba, ta san nan ne ba a taɓa mayar mata da magana ba. Abba ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Ku sani, shi ba wasa yake ba, fuskarsa ta nuna sabuwar damuwa ce ta sauko masa a kan tsohuwa.

"Yaya, ni ban isa in yi miki gardama ba. Amma shakkar guda ce. In ta hana Ni'ima Lahadi, ta hana ki komawa gidan mijinki a 220 Logements. Ga ɗakin Ni'ima nan, sai a ƙara katifa ku zauna tare har Malam ya dawo. In kuma kin ga babu komai ki bi Alhaji gida, to ni ma na ga babu komai."

Ni da Gwaggo muka haɗa ido. Ban san wadda ta fi tsorata da maganar katifar ba.

Baba Mijinyawa ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya lalubo makullin tsohuwar Fijonsa.

"To ni zan wuce, kada magariba ta same ni a hanya. Akwai saƙo wurin yara?"

Gwaggo ba ta dube shi ba. "Ka gaishe su."

"Za su ji."

Ya kai bakin ƙofa yana neman takalmi. Umma ta leƙo daga kicin, fuskarta a jiƙe, ta ce, "Alhaji, a zuba maka abinci ka tafi da shi?"

"Bar shi, Iklima. Zan tsaya bakin titi in sayi garba."

Garba, in ba ku sani ba, acake ne, irin dambun rogo, da soyayyen kifi, ana kwarara masa man da aka yi ta suya a ciki tun safe, a barbaɗa gishiri da dunƙulen magi. Gwaggo ta shekara goma tana dafa wa mutumin nan miya ba gishiri.

"Garba," ta ce. "Da hawan jinin naka."

"To ya zan yi? Ba ni da mata, sai 'ya."

Gwaggo ta ja numfashi. Ta dubi Abba, ta dubi huhun goron, ta dubi ƙofar ɗakina. Sannan ta tura carbin cikin jaka, ta miƙe, ta gyara ɗaurinta a madubin falo ba tare da gaggawa ba, kamar dama lokacin tafiyarta ne ya yi.

"Iklima, naman gobe kada a soya sai na zo, kin cika ƙona shi. Ibrahimu, cire rigar nan, ina za ka da yamma haka? Ke kuma rufe bakin, amarya ba ta washe haƙora a gaban iyaye."

Ta wuce Baba Mijinyawa a bakin ƙofa ta riga shi sauka. Muna jin muryarta a matakala tana tambayarsa ko ya sha maganinsa a ƙauyen.

Ban jira komai ba na faɗa ɗaki na kira Badar. Bugu ɗaya ya ɗauka, amma kafin in gama cewa an fasa ɗagawa, na ji ana cewa "ba ni ita" daga gefensa. Muryar Hajiya ta shigo, a dushe, tana hutawa tsakanin kalmomi.

"Uwata."

Na rufe fuska da hannu kamar tana ganina. Ashe ta ji. A Belleville ko tari ka yi sai an kai labari.

"Hajiya, ina wuni. Ya jiki?"

"Jiki ga shi nan. Na ji har da kula aka je. Na kuma ji abin da kika ce musu." Ta mayar da numfashi. "Ki saurare ni. Na fasa sa ranar nan."

Na zauna a bakin gado.

"Sa rana na masu lokaci ne. Ni ban san abin da Talata za ta zo mini da shi ba, kuma makon nan ya nuna mini abu kaɗan ke ɗaga magana. Gobe in baffanninsa sun zo, aure nake so a ɗaura. Biki ku yi shi duk ran da kuka ga dama, da ni ko ba ni. Abbanki na kusa?"

"Yana falo, Hajiya."

"Kai masa wayar."

Ko lalle babu a hannuna, kitson kaina na makon jiya ne, telan 220 Logements ko yanka ɗinkina bai yi ba. Na fito da wayar a tafin hannu kamar na ɗauko garwashi. Abba yana zaune inda yake, hula a gwiwa, ya kwance huhun yana duba goron. Na durƙusa a gabansa, na miƙa masa da hannu biyu.

"Abba, Hajiya Ladidi ce. Ta ce da kai take son magana."